Martinus Bayarink (1851–1931): Masanin Ƙwayoyin Halittar da ke Zaune a Jikin Tsirrai

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa, kalmar karofi tana nufin wurin da aka haƙa ramukan rini, wato marina, inda ake haɗa baba da toka a rina tufafi. Wannan suna ya zauna a kan unguwanni a garuruwa da dama na ƙasar Hausa, har ma akwai gari sukutum da ke ɗauke da shi a tsakiyar Jihar Katsina, a yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Duk marinin da ya gaji sana'ar ya san cewa ruwan baba yana da lokaci. Ana haɗa shi, a jira kwanaki ya nuna, ya yi aiki na wani ɗan lokaci, sannan ƙarfinsa ya ƙare a kwashe. Abin da ke kawo wannan sauyi shi ne aikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya.

Wannan babi ya ƙunshi tarihin ɗaya daga cikin masanan farko da suka duƙufa a kan dangantakar waɗannan halittu da tsirrai. Sunansa Martinus Willem Beijerinck, ana furta sunan Bayarink, kuma mutumin ƙasar Holan ne, wato ƙasar da Hausawa suka fi sani ta hanyar atamfarta. Shi ne ya fara fitar da bakteriya daga cikin saiwar tsiro ya rene ta ita kaɗai. Ya yi bincike a kan yadda shuni ke fita daga ganyen baba, ya kuma bar wa duniya dabarar da har yau ake bi wajen neman sababbin magunguna da launuka daga ƙananan halittu.

2.0 Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Bayarink a birnin Amsterdam ranar 16 ga watan Maris na shekarar 1851. A farkon wannan shekara ne Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya shiga Kano. Barth ya bayyana yadda rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Ke nan a lokacin da aka haifi wanda zai yi nazarin baba a ɗakin gwaje-gwaje, marinan ƙasar Hausa sun riga sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa shi.

Bayarink shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Derk, ɗan kasuwar taba ne, amma jarinsa ya karye tun yaron yana ƙarami. Daga baya ya sami aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa a garin Haarlem, inda iyalin suka zauna cikin ƙuncin rayuwa. Saboda rashin kuɗin makaranta, a gida mahaifin ya koyar da 'ya'yansa karatun farko, kuma sai da Martinus ya kai kimanin shekara 12 sannan ya shiga aji. A makarantar sakandare ta Haarlem ya haɗu da wani masanin tsirrai mai suna Frederik van Eeden, wanda ya riƙa fita da shi bayan gari suna tattara ganyaye da furanni, suna koyon sunayensu da siffofinsu. Wannan tarbiyya ce ta sa ko da ya zama masanin ƙwayoyin halitta, da idon mai nazarin tsiro yake kallon komai.

3.0 Karatu da Koyarwa

Da taimakon dangi, Bayarink ya shiga Kwalejin Fasaha ta garin Delft a shekarar 1869, ya karanci ilimin haɗa sinadarai, ya kammala a 1872. A can ya ƙulla abota da Jacobus van 't Hoff, wanda daga baya, a 1901, ya zama mutum na farko da aka ba lambar yabo ta Nobel a wannan fanni. Daga Delft sai ya wuce Jami'ar Leiden domin nazarin halittu. Da yake ba shi da abin ɗaukar nauyin kansa, sai ya haɗa karatu da koyarwa, da farko a wata makarantar aikin gona a Warffum, sannan a Utrecht, kafin ya koma babbar makarantar aikin gona ta Wageningen a 1876.

A shekarar 1877 ya sami digirin digirgir. Bincikensa ya shafi ƙullutun nan da ke fitowa a ganye ko reshen itace idan wani ƙwaro ya saka ƙwai a ciki. Tambayar da ta dame shi ita ce: ta yaya baƙon da ya shiga jikin tsiro yake sa tsiron ya gina masa ɗaki, ya kuma ciyar da shi? Za a ga cewa wannan tambaya ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin mafi yawan manyan ayyukansa amsoshinta ne ta fuskoki daban-daban. Ingancin wannan aiki ya sa aka zaɓe shi ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Holan a 1884, yana ɗan shekara 33.

4.0 Gudajin Saiwa

A 1885 wani attajiri mai suna Jacques van Marken ya ɗauke shi aiki a masana'antarsa ta yin yis a Delft, ya gina masa ɗakin gwaje-gwaje, ya kuma ba shi damar bincikar duk abin da ya ga dama bayan aikin kamfani. A nan ne ya koyi dabarun renon ƙananan halittu, kuma a nan ya yi aikin da ya fara fito da sunansa.

Manoma a sassan duniya sun daɗe da sanin cewa wake da danginsa suna gyara ƙasa. Manomin Katsina da ke shuka wake a tsakanin gero, ko yake juya gona daga gyaɗa zuwa dawa, ko yake barin gawo a tsakiyar gonarsa, da wannan sani yake aiki. A shekarar 1886 wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun sinadarin naitirojin daga iska, kuma hakan yana faruwa ne kawai idan akwai wasu 'yan gudaji a jikin saiwarsu. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma shi ne babban abin da ke cikin takin zamani, amma tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska da kansa. Abin da ya rage a gano shi ne wane ne ke zaune a cikin waɗannan gudaji.

Bayarink ya warware wannan a 1888. Ya wanke gudajin sosai ya kashe duk wata ƙwaya da ke bayansu, sannan ya farfasa su, ya shafa ruwan a kan wani daskararren abinci da ya haɗa daga ruwan ganyen wake da sukari. Bayan 'yan kwanaki sai ƙwayoyi iri ɗaya suka tsiro. Ya sa musu suna Bacillus radicicola, wato mazauna saiwa, kuma a shekara mai bi wani masani, Albert Frank, ya ba su sunan da ake amfani da shi a yau, Rhizobium. Bayarink ya yi ta ƙoƙarin nuna cewa ƙwayoyin suna kama naitirojin a cikin kwalba, amma bai sami gamsasshiyar hujja ba. Dalilin ya bayyana daga baya: sai suna cikin saiwa suke wannan aiki, tsiron yana ba su sukari da mafaka, su kuma suna biyansa da taki.

Ɗalibi zai iya ganin wannan da idonsa. Idan aka tuge gyaɗa ko wake a tsakiyar damina, aka tsaga ɗaya daga cikin gudajin saiwar da reza, za a ga cikinsa ja-ja kamar nama. Wannan launi na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Kubo ya gano a 1939. Aikinsa shi ne daidaita iskar oksijin a cikin gudajin domin kada ta ɓata aikin ƙwayoyin. Shi kansa baban rini ɗan wannan dangi ne, kuma yana da irin waɗannan gudaji a saiwarsa. Tun a 1896 aka fara sayar da waɗannan ƙwayoyi a Jamus domin a cuɗa da iri kafin shuka, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da irin wannan haɗi domin waken suya.

5.0 Dabarar Renon Zaɓe

A shekarar 1895 gwamnatin Holan ta naɗa Bayarink farfesa a Kwalejin Fasaha ta Delft, aka kuma buɗe masa sabon ɗakin gwaje-gwaje a 1897. A wancan zamani, hankalin mafi yawan masana ƙwayoyin halitta yana kan cututtukan mutane da dabbobi, bisa tafarkin Louis Pasteur na Faransa da Robert Koch na Jamus. Bayarink ya fuskanci ƙasa da ruwa da tsirrai, inda dubban ire-iren ƙwayoyi ke cuɗe da juna. Matsalar ita ce yadda za a ware iri ɗaya daga cikin wannan taro.

Dabarar da ya inganta, wadda za mu kira renon zaɓe, mai sauƙin fahimta ce. Mai bincike zai fara tsara irin aikin da yake neman ƙwayar da ke yin sa. Daga nan sai ya haɗa abinci da yanayin da wannan ƙwaya kaɗai za ta ji daɗinsa, ya jefa ɗan ƙasa ko laka a ciki, ya jira. Sauran ƙwayoyin za su kasa, wadda ake nema kuwa ta hayayyafa ta mamaye kwalbar. Da wannan hanya ya fitar da ƙwayar da ke haddasa warin ruɓaɓɓen ƙwai a lakar magudanan ruwan Delft a 1895. Haka kuma a 1901 ya haɗa ruwan sukari wanda babu naitirojin a cikinsa ko kaɗan, ya zuba ƙasar lambu, sai ga wata ƙwaya da ke kama naitirojin daga iska ba tare da ta shiga saiwa ba. Ya kira ta Azotobacter. Wani nau'inta yakan rikiɗe ya yi duhu idan ya tsufa, saboda wani baƙin launi da yake fitarwa.

Idan aka lura, abin da marini ke yi ke nan a karofi, ko da yake bai kira shi da wannan suna ba. Yakan cika rami mai zurfi da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya riƙa motsawa da muciya. Kaifin toka yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye. Zurfin ramin yana hana iska isa ƙasa. Saboda haka ƙwayoyin da ke jure wa ruwan toka, masu rayuwa ba tare da iska ba, su ne ke saura, kuma su ne masu aikin da marini ke bukata. Bambancin shi ne Bayarink ya mayar da wannan hikima ƙa'ida wadda za a iya amfani da ita a kan kowace irin tambaya.

6.0 Cutar Rodi-rodin Taba

Aikin da ya fi ɗaukaka sunan Bayarink a duniya ya shafi taba, wato hajar da mahaifinsa ya yi asara a kanta. Tun yana Wageningen, abokin aikinsa Adolf Mayer ya nuna masa wata cuta da ke sa ganyen taba ya yi rodi-rodi ya ƙanƙance. Mayer ya tabbatar a 1886 cewa ruwan ganye mai cutar yana harbin lafiyayye. A 1892 wani Barashe, Dmitri Ivanovsky, ya tace irin wannan ruwa da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan ya ci gaba da harbi. Ivanovsky ya zaci ko dafi ne, ko wata bakteriya ce ƙarama ainun.

Bayarink ya koma kan matsalar, ya wallafa sakamakonsa a 1898. Ya nuna cewa abin da ke kawo cutar yana ratsa mataci, ba ya tsirowa a kan kowane abinci na ɗakin gwaje-gwaje, busarwa ba ta kashe shi, amma tafasawa tana kashe shi. Mafi muhimmanci, ya nuna cewa yana ƙaruwa, domin ɗigo ɗaya yana iya bin tsirrai da yawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba, kuma a sassan tsiro masu girma kaɗai yake ƙaruwa. Dafi ba ya haihuwa. Don haka ya yanke cewa wannan wani sabon nau'in abu ne daban da bakteriya, ya yi amfani da kalmar bairos a kansa. Ya ɗauka ruwa-ruwa ne, kuma a nan bai dace ba, domin a 1935 Ba'amurken nan Wendell Stanley ya fitar da shi a matsayin ƙwayoyi masu siffa, a 1939 kuma aka ga hotonsa da madubin lantarki. Duk da haka, ana ƙirga Bayarink cikin waɗanda suka kafa ilimin bairos. Manoman Arewacin Nijeriya sun ɗanɗana ƙarfin irin wannan cuta a 1975, lokacin da wani bairos da ke tsumburar da gyaɗa ya lalata gonaki masu faɗin kimanin hekta 700,000, abin da ya taimaka wajen gushewar dalar gyaɗa a Kano.

7.0 Bincike a kan Baba da Launi

A shekarun 1899 da 1900 Bayarink ya wallafa jerin maƙalu a kan yadda shuni ke samuwa. Wannan batu yana da nauyi ga Holan a lokacin, domin tana da manyan gonakin baba a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya ta yau, wadda take yi wa mulkin mallaka. Bugu da ƙari, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer, kuma masu noman baba sun fara ganin alamar karyewar kasuwarsu.

Abin mamaki game da baba shi ne ɗanyen ganyensa kore ne, babu shuɗi a cikinsa ko kaɗan. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi da ake kira indikan, wanda ke ɗaure da sukari. Idan aka jiƙa ganyen ko aka daka shi, sai wannan ɗauri ya tsinke, abin da ya saura ya haɗu da iska ya zama shuni. Bayarink ya bayyana cewa tsinkewar tana iya faruwa ta hanyoyi biyu: ta hanyar wani sinadari mai hanzarta narkewa da ke cikin ganyen kansa, da kuma ta hanyar aikin wasu bakteriya. Ya kuma gano cewa tsiron da Turawa suka daɗe suna rini da shi a ƙasashen sanyi, mai suna Isatis tinctoria, yana ɗauke da wani sinadari daban da na baba, ya sa masa suna isatan. Masana na bayansa sun tabbatar da wannan bambanci, kuma sunan ya ɗore.

Akwai mataki na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ke gudana a ramin marina. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zare ba sai an sauya shi. Bakteriyar da ke cikin ramin ce take cinye iskar oksijin, ta mayar da shunin wani nau'i mai narkewa, mai launin kore-kore. Wannan ne ya sa idan marini ya tsamo ƙyalle yakan fito kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi, launin ya maƙale a cikin zaren. Cikakken bayanin wannan mataki ya zo ne bayan rasuwar Bayarink da daɗewa, amma da dabararsa aka kai gare shi. A 1999 masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila suka fitar da ƙwayar Clostridium isatidis daga tukunyar rini irin ta dā, a 2004 kuma masana a Japan suka bayyana wata daga dangin Alkalibacterium da suka samo a ruwan rinin gargajiya na ƙasarsu.

Sha'awar Bayarink ga launi ba ta tsaya a kan baba ba. Tun a 1891 ya rubuta tarihin rayuwar wata bakteriya mai fitar da launi, ya kuma yi dogon nazari a kan ƙwayoyin teku masu ba da haske a cikin duhu.

8.0 Halayensa da Ƙarshen Rayuwarsa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa, cikinsu har da ɗalibansa, sun bayyana shi a matsayin mutum mai kaɗaici da zafin rai, mai tsananta wa ɗalibai a kan ƙaramin kuskure. Bai taɓa aure ba, kuma yana ganin iyali suna raba hankalin mai bincike. Wannan hali ya sa ɗalibai kaɗan ne suka iya daɗewa tare da shi, ko da yake waɗanda suka jure sun zama manyan masana. 'Yan'uwansa mata biyu ne suka kula da gidansa, kuma ɗaya daga cikinsu, Henriëtte, ita ce ta zana manyan hotunan tsirrai da na ƙwayoyin halitta da yake koyarwa da su.

An ba shi lambar yabo ta Leeuwenhoek a 1905, wadda ita ce mafi girma a fanninsa a Holan. A 1921, da ya cika shekara 70, ya yi ritaya, abokai da ɗalibai suka tattara rubuce-rubucensa aka buga su cikin mujalladai 5. Ya koma ƙauyen Gorssel tare da 'yan'uwan nasa, ya ci gaba da gwaje-gwaje a lambunsa. Ya rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1931 bayan fama da ciwon daji, saura 'yan watanni ya cika shekara 80. Bai sami lambar Nobel ba, amma an sa wa wani dangin bakteriya sunansa, Beijerinckia.

9.0 Tasirin Aikinsa a kan Magunguna da Launuka

Albert Kluyver ne ya gaje shi a Delft, kuma daga wannan makaranta dabarar renon zaɓe ta bazu zuwa Amurka da sauran ƙasashe. Cikin waɗanda suka ɗora a kan wannan tafarki akwai Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙwayoyin ƙasa. A ɗakin gwaje-gwajensa ne ɗalibinsa Albert Schatz ya fitar da maganin sitireftomaisin a 1943 daga wata bakteriya ta dangin Streptomyces, kuma shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Ita ma masana'antar yis da Bayarink ya yi wa aiki ta shiga wannan tarihi, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatanta sun yi aikin haɗa fenisilin a asirce, a ƙarƙashin mamayar Jamus.

Dalilin da ya sa bakteriya ke fitar da irin waɗannan sinadarai shi ne gasar neman abinci da wurin zama. Wadda ta sami mafaka a cikin saiwa ko ganye tana da amfanin kare wannan mafaka daga wasu ƙwayoyi, kuma ta haka tsiron ma yake samun kariya. Sau da yawa launin da ƙwayar ke fitarwa shi ne makaminta, kamar jan launin Serratia marcescens da launin shunayya na Chromobacterium violaceum, waɗanda gwaji ya nuna suna hana wasu ƙwayoyi girma. Saboda haka masu bincike suka koma duba cikin tsirrai, musamman waɗanda al'ummomi suka daɗe suna magani da su. A 2002 ayarin Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana ya bayyana sababbin sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta daga wata Streptomyces da ke zaune a cikin wani tsiro da 'yan asalin Ostireliya ke sa wa rauni. Hanyar da suka bi ita ce ta 1888: a tsabtace bayan tsiro, a tsaga shi, a reni abin da ke ciki. Ta fuskar launi kuwa, tun a 1983 aka yi nasarar sa bakteriya ta haɗa shuni a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da ganyen baba ba.

Bukatar wannan bincike ta ƙaru saboda ƙwayoyin cuta suna bijire wa magungunan da ake da su. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A ɗaya ɓangaren, ƙasar Hausa tana da tsirran magani irin su sabara da marke da hano da bagaruwa, da na rini irin su baba da lalle da karan dafi da rawaya. Sanin wane tsiro ke maganin me, da yadda ake haɗa ramin rini ya nuna, yana hannun dattawa, kuma yana raguwa. Shigowar shunin masana'anta da tufafin waje ta sa an yi watsi da marina da yawa, har a Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ramuka da dama sun daina aiki. Ramin da aka binne yakan tafi da kalmominsa da dabarunsa, da kuma ƙwayoyin da marina suka yi ta zaɓa shekara da shekaru.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa rayuwar Bayarink ta ginu ne a kan tambaya ɗaya, wato abin da ke faruwa idan ƙaramar halitta ta zauna a jikin tsiro. Daga ƙullutun ganye ya tafi gudajin saiwa, daga nan zuwa cutar taba da ganyen baba, kuma a kowane mataki ya nuna cewa aikin da ake jingina wa tsiro shi kaɗai sau da yawa na tarayya ne. An kuma ga cewa manomi da marini na ƙasar Hausa sun daɗe suna cin moriyar wannan tarayya ta hanyar gwaji da gado. A nan ne ɗalibin Hausa yake da rawar takawa. Masanin ƙwayoyin halitta a jami'a, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ba zai san tsiron da ya kamata ya tsaga ba sai an faɗa masa sunansa da amfaninsa da inda yake fitowa. Tattara waɗannan sunaye da bayanan sana'a daga bakin masu su, da rubuta su daidai, aiki ne na mai nazarin harshe da al'ada.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana ma'anar kalmar karofi, sannan ka kawo kalmomi biyar da suka danganci sana'ar rini tare da ma'anoninsu.
2. Wace tambaya ce ta haɗa manyan ayyukan Bayarink? Kawo misalai uku.
3. Kwatanta dabarar renon zaɓe da yadda marini ke haɗa ruwan baba.
4. Me ya sa ƙyalle ke fitowa kore daga ramin rini sannan ya koma shuɗi?
5. Ziyarci wani marini ko mai maganin gargajiya a yankinku, ka rubuta sunayen tsirrai goma da yake amfani da su da yadda yake sarrafa kowanne.